Jiƙaƙƙen Yashi a Hoton Labaran

Akwai wani mai ɗaukar hoto ɗan Kano, Labaran, da ke zaune a unguwar International City a Dubai. Ga kyamara mai tsada, ga ɗaga hanci. In yana ba da labarin bukukuwan manya da ya ɗauka, sai ka rantse a gidansu aka ƙirƙiro hoto. Alhali bizarsa ta kusa ƙarewa, aiki kuma babu.

Maƙwabcinsa Boubacar, ɗan Nijar, direba ne a wani kamfani mai kai baƙi yawon sahara. Shi ya yi masa hanya. Kamfanin na neman mai hoto, kuma za su yi masa biza. Sharaɗinsu ɗaya ne: ya kawo hoton dab a inda yake rayuwa, da bayanin wurin da ranar. Dab ɗan'uwan damo ne, mai ƙayoyi a jela, a rami yake zama.

Labaran ya taɓe baki. "Ni da na ɗauki amaren masu kuɗi, yau ƙadangare ne zai yi mini jarrabawa?"

Da hantsi suka isa daji, a tsakiyar watannin zafi. Wani dab ya leƙo daga raminsa, ya gan su, ya koma. Boubacar ya ce su ja baya su zauna, zai sake fitowa. Labaran ya ce shi bai zo Dubai don ya yi wa ƙadangare fadanci ba.

Sai ya tuna yadda suke fito da gafiya suna yara. Ya ɗauko jarkar ruwa a mota, ya tuttula a ramin.

Boubacar ya ce, "Mon frère, ɗan'uwana, ka ji tsoron Allah, gidansa ne fa."

"Yalla, matsa, kana tare mini haske."

Dab ya rarrafo yana haki, ya kwanta ko motsi ba ya iyawa. Gogan naka ya zagaye shi yana ta ƙyasta hoto, wai ga shi nan ya koyi ladabi.

Washegari manajan kamfanin, wani dattijon Balarabe, ya daɗe yana duban hoton. Ya tambayi ranar da aka ɗauka. Labaran ya bugi ƙirji ya ce jiya.

"Jiya aka yi ruwan sama a saharar nan, habibi?"

Sai a lokacin Labaran ya lura. A hoton, bakin ramin jiƙe yake sharkaf, dab ɗin duk laka, ko'ina kuma yashi a bushe ƙamas.

Dattijon ya tura masa kyamararsa. Ya ce dabbobin nan ake zuwa gani da ransu, ba za su saka mai nutsar da su a motarsu ba. Khalas, magana ta ƙare.

Da bizarsa ta ƙare, Boubacar ne ya kai Labaran filin jirgi. Daga baya Boubacar ya bi ta wurin ramin nan da baƙi, ya tarar dab ya haƙa sabon rami, yana shan hantsi abinsa.

Darasi: Kada ka raina halittar Allah don ba ta da bakin kai ƙara. Wanda ya halicce ta yana gani, kuma wani lokacin abincinka a bakin raminta yake. 'Yan'uwa, ku tura wa wasu su amfana.