Hankakan da Kurege Ya Ƙwace

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya.

To ku matso. Ke Lantana, ajiye wannan ƙwaryar, ba a cikinta tatsuniyar take ba.

Wai Kurege ne da Bushiya, maƙwabta, danga ɗaya ta raba su, can a bakin gari. Bushiya kun san ta, ga gajerun ƙafafu, ga tafiya kamar an sa ta dole, amma a gidanta ba aikin da ke wuce lokacinsa. Lambunta ya sha ruwa da sassafe, shanyarta ta bushe, rumbunta cike da gyaɗa. Shi kuwa Kurege sarkin mantuwa ne. Ya ɗora tukunya ya tafi hira, ya dawo ya tarar da gawayi. Ya baza shanya, sai ruwan sama ya wanke ta sannan ya tuna.

Asarar ba ta dame shi ba, yabon da ake yi wa Bushiya ne ke ci masa rai. Kowa ya wuce sai ya ce, "Bushiya akwai tsari." Kurege ya ji kamar an watsa masa barkono a ido.

Ana nan sai Giwa, sarauniyar dajin, ta sa aka yi shela: rumbun gari na neman mai kula da shi. Bayan kasuwa mai zuwa za ta zaga gida-gida, wanda ta samu gidansa a kintse shi za ta ba, kuma mai rumbu yana da rabonsa na gero kowace kaka.

Kurege ya kasa cin abinci. Ya ce, "Wannan mai ƙayar za a ba rumbu ina raye? Sai na ga abin da take taƙama da shi."

Ya huda danga ya sa ido. Da safe Zakara ya hau turmi ya ce, "Bushiya, ban ruwa." Ta ba shi gero, ta tafi lambu. Da rana ta take Kurciya ta ce, "Bushiya, juya shanya." Ta ba ta gero, ta juya. Da la'asar ta ɗauki tulu za ta rafi, Hankaka daga kan tsamiya ya ce, "Bushiya, rufe rumbu." Ta ba shi gero, ta rufe.

Kurege ya ce, "Au, ashe ba basira ba ce, masu tuni gare ta."

Ya kira tsuntsayen nan bayan gida. "Gero take ba ku? Haba. Ku dawo wajena, gyaɗa za ku riƙa ci."

Zakara da Kurciya suka amince nan take. Hankaka ya karkace kai ya ce, "Malam Kurege, ka san halina tukuna. Abin da aka ɗora mini sau ɗaya, kullum ne. Ba na yin shiru sai an tashi. Kuma ban iya raɗa ba."

"Irinka nake nema," in ji Kurege.

To, ina ya ga gyaɗar da zai ciyar da su? Ku da kanku kun sani. Ya ja Hankaka gefe ya ce, "Kai aikinka ɗaya. In ka hango Bushiya ta gangara rafi, ka tuna mini in je in ɗebo gyaɗarta."

Haka aka yi. Zakara ya ce, "Kurege, ban ruwa," lambu ya yi kore. Kurciya ta ce, "Kurege, juya shanya," shanya ta bushe. Hankaka ya ce, "Kurege, Bushiya ta tafi rafi, je ka ɗebo gyaɗarta," Kurege ya tsallaka danga, ya tarar da rumbu a buɗe, don mai cewa a rufe ya koma wajensa. Ya ba tsuntsaye kaɗan, ya ci kaɗan, saura ya binne a ƙarƙashin gado.

Bushiya, baiwar Allah, ta koma duban inuwar danga tana gane lokacin aiki. Amma gyaɗa sai raguwa take. Ta kai kuka wajen Giwa, Giwa ta rantse duk ɓarawon da ta kama sai ta take shi da ƙafa.

Ranar zagaye ta zo. Giwa ta duba gidan Bushiya ta ce ba laifi, ta shiga na Kurege. Ya share tsakar gida har tana ƙyalli. Giwa ta ga lambu, ta ga shanya, ta gyaɗa kai ta ce, "Kurege, ashe ka shiryu. Ina ganin rumbun nan kai ya dace da..."

Ku tsaya ku ji. Kurege ya sa an tuna masa komai, amma bai sa kowa ya tuna masa ya ce wa Hankaka yau a yi shiru ba. Ita kuwa Bushiya, da baƙuwa ta fita, ta ɗauki tulunta.

Hankaka ya sauka a kan danga. "Kurege, Bushiya ta tafi rafi, je ka ɗebo gyaɗarta."

Kurege ya kama tari.

Hankaka ya ga bai tashi ba, ya ƙara murya. "Kurege, Bushiya ta tafi rafi, je ka ɗebo gyaɗarta!"

Giwa ta ɗaga ƙafa ɗaya, inuwarta ta rufe Kurege gaba ɗaya. Ta ce, "Me tsuntsun nan ke cewa?"

Amma bakin Kurege bai mutu ba. Ya zube ya ce, "Ranki ya daɗe, taimako ne. Rumbunta na da danshi, gyaɗar za ta ruɓe. Shi ne nake ɗebowa ina shanya mata, ban gaya mata ba don ba na son godiya."

"Madalla," in ji Giwa. "Ina wadda ta bushe?"

Kurege ya tono ta ƙarƙashin gado. Aka kira Bushiya ta duba, ta ce ba ta cika ba. Ya kwaso 'yar tasa da ya ajiye don iri ya zuba, yana murmushi, zuciyarsa na tafasa.

Giwa ta sauke ƙafa ta ce, "Maƙwabci irin wannan ba a raba shi da aikin alheri. Rumbun gari na Bushiya ne. Kai kuma tunda shanya kake so, kullum ka ɗebo ta gidanta da ta gari, ka shanya, ka mayar. Hankaka, ka ƙara da tuna masa mayarwar."

Hankaka ya ce, "An ɗora mini, ranki ya daɗe."

Shi ya sa har yau in hankaka ya yi kuka, za ku ga kurege ya miƙe a kan ƙafafun baya yana waige-waige. Aiki ake kiransa.

Ƙurunƙus kan hankaka. In ƙarya na yi, Kurege ne ya sa ni. Wanda duk zai yi sata a cikinku, ya daure ya riƙe lokacin a kansa. Ke kuma Lantana, kin rufe akurkin kaji, ko sai na ɗauko miki Hankaka?