Sunan Da Malam Zubairu Ya Sa A Baitin Ƙarshe

An yi wani mawallafi, Malam Zubairu Masassaƙi, wanda ya shekara yana tsara wata doguwar waƙa, har ya kai baitin ƙarshe inda mai waƙa kan faɗi sunansa. Nan alƙalami ya cije. Kunya yake ji malaman birni su ji shi da sunan sana'ar ubansa, ya ƙudurta zai sa sunan garinsu.

Akwai wata tsohuwar hazbiya a rufin zaurensa, mai baki kamar reza. Da ta ji abin da yake saƙawa sai ta ce, "Allah ya gafarta Malam, waiwaye adon tafiya. Ka taɓa jin labarin masassaƙi da guntun aduwa?"

Ya ce, "Faɗi in ji."

Ta ce, "Wani masassaƙi ne ya sami lafiyayyen icen aduwa. Dagaci ya aiko a yi masa kujera da shi, ya yi alkawarin naɗa shi Sarkin Sassaƙa. Shi kuwa ya sassaƙe icen ya yi wa ɗansa allo. Matarsa ta ce, 'Maigida, ka zubar da rawani saboda allo? In yaron nan ya yi ilimi, mu zai fara rainawa.' Ya ce, 'Zauna ki ji yadda gizago ya yi da ƙotarsa. Wani gizago ne aka yi ta yabon kaifinsa, har ya ce wa ƙota, "Ke ice ce, ni ƙarfe, sake ni." Ta sake shi. Ya kwana bakwai a ƙasa bai sari ko kara ba, tsatsa ta fara cinsa. Da aka ɗauko shi, ƙotar ba ta yi masa gori ba, ta koma ta riƙe shi. To, ko yaron ya raina mu, riƙo namu ne.' Dagaci kuwa ya naɗa wani, masassaƙin ya mutu bai taɓa faɗa wa ɗan ba."

Malam Zubairu ya ajiye alƙalami. Ya ce, "A wane gari aka yi haka?"

Hazbiya ta ce, "A wannan zauren. Kakata na bisa tana kallo, kai kuwa kana ƙofa kana wasan ƙasa."

Ya daɗe yana hawaye, godiya da kunya sun cika masa ciki. Ya ce, "Na ji, na karɓa. Allah ya jiƙan Baba." Ya tsoma alƙalami ya rubuta:

In an ce wa ya tsara waƙar nan,
Zubairu ne, ɗan Ilu Masassaƙi.