Ƙotar Gatarin Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Akwai wani zaune a nan, ba zan kama suna ba, wanda gyaransa ya fi ɓarna ciwo. To, ya buɗe kunne!

Bushiya ce mijinta ya rasu, ya bar mata ɗan gatarin faskare. Ƙotar ta tsufa, har ta lotsa daidai inda yatsunsa ke zama. Duk lokacin da za ta faskara itace, sai ta sa hannunta a gurbin nasa, ta ji kamar shi ne ke riƙe da ita.

Ran nan Biri, sarkin karambani, zai tafi daji cin zuma, ya zo aro.

Ta ce, "Ɗan nan, ka dawo mini da shi yadda ka karɓa."

Ya ce, "Haba Iya, har ma ya fi!"

Ya dawo yana washe baki, gatari na sheƙi da sabuwar ƙota.

Ta ce, "Ina tsohuwar?"

Ya ce, "Wannan ruɓaɓɓiyar? Da ita na hura wutar da na gasa ƙarfen, na huda sabuwa. Babu godiya?"

Bushiya ta shafa ƙotar sama da ƙasa. Sumul, ba gurbin yatsa ko ɗaya. Ta ce, "Ashe yau ne maigidana ya mutu."

Ta dunƙule. Shi ya sa har gobe, in ka taɓa ta, sai ta naɗe hannunta a ciki, kada a gyara mata ɗan ɗumin da ya rage.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! Wanda ya ce Biri bai cuce ta ba, ya miƙe ya musa in gani.