Gaiwa da Manyan Ƙadangaru

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta iso mu ji ta.

A zamanin da ƙadangaru suka fi rimi tsayi, Gaiwa, kifin nan mai haƙuri, takan shige laka duk rani. Rannan dutse ya faɗo daga sama, toka ta rufe rana.

Gaiwa ta ce wa babban ƙadangare, "Yaya, zo mu shiga laka."

Ya ce, "Ni? Da girmana?"

Ta shige, ta yi barci. Da ruwa ya dawo, ta fito gaida maƙwabta, sai ƙasusuwa ko'ina. Can Kada ya ɗago kai.

Ta ce, "Ina sauran?"

Ya ce, "Mu ne sauran, Gwaggo. Ya haƙuri?"

Ta ce, "Da godiya." Ta share hawaye, ta je ta zuba ƙwai.

Ƙurunƙus! Ga kan ɓera, ku raba.