Kawun da Ya Haɗiye Saƙo Biyu

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum, tsohon shugaban makaranta, wanda bayan ya yi ritaya jama'a suka mayar da falonsa wurin sulhu. Ma'aurata da yawa sun shiga falon nan ba sa ga-maciji da juna, suka fita suna raha. Da haka ya fara jin cewa aure ba ya gyaruwa sai da hannunsa.

Sai rigima ta shigo gida. 'Yar ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinya, ta samu saɓani da mijinta kafinta. Ya gaya mata magana mai zafi a kan aikinta a gaban danginsa, ta rama, ya yi mata saki ɗaya. Maganar riƙon 'ya'yansu mata biyu ta kai gaban alƙali. Alƙali ya ce kowane ɓangare ya kawo mai sulhu ɗaya, a gwada gyara kafin idda ta cika. Ita ta kawo kawunta. Shi ya kawo yayansa, direban babbar mota, wanda bayan zama ɗaya ya kama hanya, ya bar komai a hannun dattijon.

A zaman nan na farko kawu yana jero yadda abin ya faru, sai kafinta ya katse shi, ya ce ba haka aka yi ba. Kuma gaskiyarsa ce. Amma a gaban mutane aka yi, kuma shekara talatin ba wanda ya taɓa katse shi. Ya yi murmushi, ya ƙulla abin a ransa. Ya kafa doka cewa tunda wayar ma'auratan kullum da zagi take ƙarewa, duk mai magana ya biyo ta wurinsa.

Bayan sati biyu kafinta ya zo, garin katako a gashinsa, ya durƙusa a bakin ƙofa. "Kawu, laifina ne. Ka ce mata ta yafe mini, aikinta kuma ba zan ƙara taɓa shi ba."

Kwana uku bayan haka ita ma ta zo daga asibiti da farar rigarta. Ta ce ba ta son komai, in dai mijin ya ce ya yi kuskure sau ɗaya kawai, ita za ta koma.

Ya 'yan uwa, me ya rage? Sai dai ya buɗe baki ya isar da saƙo kawai. Amma ya ce mata mutumin har yanzu kansa a sama yake. Ya koma ya ce wa kafinta ta rantse ba za ta koma ba, kada ya zubar da girmansa. A ransa cewa yake bari kafinta ya ɗan ji jiki, mako mai zuwa zai faɗa. Mako ya zo ya wuce. Da ƙaryar ta kwana biyu, faɗin gaskiya ya zama tona asirin kansa. Idda ta cika yana kallon kalandar bangon falonsa. Ya rubuta wa alƙali cewa sulhu ya gagara, ya sa hannu.

Daga ranar bai ƙara jin daɗin gaisuwar yaran nan ba. In sun ce "Kaka, ina kwana," sai ya sunkuyar da kai.

Bayan shekara biyu, ita ta riga ta yi wani aure, ƙaramar yarinyar ta kwanta ciwo. Iyayen suka haɗu a bencin asibiti. Kafinta ya ce da ta karɓi haƙurin da ya aika, da ba haka ba. Ta ce wane haƙuri?

Da la'asar ƙanwar dattijon, uwar matar, ta shigo falon. Ya nuna mata kujera, ba ta zauna ba. Ta tambaye shi ko gaskiya ne. Mutumin da ya saba yi wa mutane nasiha ya kawar da fuskarsa. Ta juya, kuma ba ta ƙara taka gidansa ba.

Magana ta bazu. Duk wanda aurensa ya taɓa mutuwa a falon nan ya fara tambayar ko shi ma haka aka yi masa, har waɗanda ya yi wa adalci. Kwamitin sulhu na unguwa ya cire sunansa. 'Ya'yansa suka daina ambaton sunan ubansu a taro.

Daga ƙarshe ya tafi gidan 'yar ƙanwar tasa, ya durƙusa yana kuka. Ta dube shi ta ce: "Kawu, nawa na yafe. Na yaran nan kuwa, ka jira su girma ka tambaye su."

Bai kai lokacin ba. Ya rasu babbar tana aji huɗu na firamare.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai ci hanci ba, bai daki kowa ba. Saƙo aka ba shi ya riƙe. In an zaunar da kai tsakanin mata da miji, ka sani kalmar da aka sa a bakinka amana ce, kuma akwai masu haƙƙi a cikinta da ba su isa su yi magana ba tukuna. In akwai ƙullin ɗaya daga cikinsu a zuciyarka, ka ce a nemi wani.

Allah ya kiyaye mu da girman kai, ya kiyaye mu da mutuwa da haƙƙin wani a wuyanmu. Amin.