Zagin da Ya Ceci Birnin Marke

A zamanin da, tun duniya na kwance, mutanen Birnin Marke da na Birnin Kirya abokan wasa ne. Bamarke ya kira Bakirye ɓarawon wake, shi kuma ya ce masa bawan gidanmu, a yi dariya a ci tuwo akushi ɗaya. Allah sarki, zamani! Sai rigimar wata fadama ta shiga tsakani, aka zub da jini, wasa ya mutu.

Ana nan sai Sarkin Baƙin Dutse ya taso daga yamma yana cinye garuruwa. Sarkin Marke ya ga shi kaɗai ba zai iya ba, ya aika wa Jatau, Sarkin Kirya, manzanni da riguna da daɗin baki. Aka dawo da kayan ko kwancewa ba a yi ba.

Waziri Nomau, tsohon da ya ga jiya ya ga yau, ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ladabin nan ne ya ɓata mana. Baƙo ake yi wa ladabi. A bar ni in je."

Sarki ya ce, "Da me za ka?"

"Da bakina."

Ya kama hanya cike da kewa, don tare da Jatau suka yi kiwo a fadamar nan suna yara, a nan kuma aka kashe wa Nomau ɗa a rigimar. Ya san in Jatau ya manta da wasan da, kansa zai fara faɗuwa, birni ya biyo baya.

Ya shiga fadar Jatau bai tuɓe takalmi ba, bai durƙusa ba. Ya dubi sarki ya ce, "Kai, ɓarawon wake! Wa ya ara maka rawani?"

Dogarai suka zare takubba. Jatau ya zuba masa ido. Can sai hawaye ya gangaro gemun sarki.

"Bawan gidanmu, sai yanzu? Shekara da shekaru ka bar ubangidanka ba mai zaginsa!"

Da Sarkin Baƙin Dutse ya iso ya tarar da rundunar birane biyu a fadamar, sai ya juya linzami. Aka maida fadama ta kowa, kamar da.

Ran nan Jatau ya sauka a kan kabarin ɗan Nomau, ya cire rawani ya ce, "Wannan kam wasa ba ya gyara shi. Ka yafe mini."

Nomau ya share ido ya ce, "Maida rawaninka, ɓarawon wake. Tuwo na hucewa."