Mai Maganin Shawara na Kalley

An yi wani mutum a nan Yamai. Ba zan kama sunansa ba, don ya riga mu gidan gaskiya. A unguwar Kalley yake zaune, kullum kuma yana shimfiɗa tabarmarsa a bakin kasuwar Petit Marché, kusa da mahauta. Maganin shawara yake sayarwa.

Bai gaji magani ba, bai kuma koya wurin kowa ba. Sassaƙe yake tafasawa, ya daka ƙwayoyin ciwon kai masu yawa ya zuba, ya ɗura a kwalabe. Wanda ya sha, zazzaɓinsa ya lafa kwana biyu, sai ya shiga gari yana yabo. Wani mai farmasi ya taɓa ja masa kunne, ya ce ƙwayoyin nan in sun yi yawa hanta suke ci. Ya ji sarai, ya ci gaba da abinsa.

Duk wanda ya zo masa da ido ruwan ɗorawa, magana ɗaya yake gaya masa: "Kada ka yarda a kai ka asibiti. Allura ɗaya za su yi maka, sai lahira." Sannan ya bi da rantsuwa.

Ya 'yan uwa, shawara ba ita ce tushen ciwo ba. Alama ce, sau da yawa hanta ce ta gaza aikinta, sai launin ya fito a ido da fata. Mutum nawa ya tare a hanyar neman lafiya? Allah kaɗai ya san adadinsu.

Shekara tara yana wannan sana'a. Ran nan ya ga fitsarinsa ya koma kamar shayi mai kauri. Jiki ya ɗauki ƙaiƙayi, abinci ya daina shiga. Da ya duba madubi, sai ya ga irin idon da ya saba gani a fuskar mutane. Ya sayi baƙin tabarau ya saka.

Ya yi niyyar zuwa asibiti a ɓoye. Yana shiga taksi direba ya gane shi, ya ce, "A'a, Malam mai magani ne! Ina muka nufa?" Bakinsa ya kasa faɗin asibiti, ya ce a kai shi Gaweye, bakin kogi. Aka sauke shi kusa da gada, ya tsaya yana kallon ruwa har rana ta take, ya koma gida.

Kwana kaɗan, Boubacar mahauci, maƙwabcin tabarmarsa, ya hangi idon ta gefen tabarau. Da zuciya ɗaya ya ce, "Ikon Allah, ga ciwo ga magani a gabanka. Sha mana, Malam." Masu saye na tsaye suna kallo. Me zai ce musu? Ya buɗe kwalba, ya yi bisimilla, ya sha.

A gida abin ya fi tsanani. Matarsa Nafissa ba ta taɓa shakkar maganin mijinta ba. Safe da yamma ta cika kofi, ta tsaya a kansa sai ya shanye. Wata rana ta kama shi yana zubarwa a bayan randa, ta fashe da kuka. Ta ce, "Maigida, ka warkar da mutanen gari, ka ƙi kanka? In ba don kanka ba, ka sha don mu."

In ya ƙi, dole ya gaya mata abin da ke cikin kwalbar, da abin da ya ciyar da ita shekara tara. Ya karɓa ya sha.

Ciki ya kumbura, ƙafafu suka kumbura, magana ta soma rikice masa. Yayan Nafissa, Abdulhakim, ya zo da mota zai kai shi asibiti. Ta tare ƙofa ta ce, "Yaya, allura za ta kashe shi. Shi da bakinsa ya faɗa." Sai da aka ƙara mako guda kafin ta saki.

Lokotoro ya gwada jini. Ya ce ƙwayar ciwon hanta ta daɗe a jikinsa, kuma da sun zo tun idon ya fara sauyawa, da akwai abin yi. Ya tambaya me yake sha a gida. Nafissa ta miƙa kwalba. Mai ciwo ya juya fuskarsa bango.

A kan gadon asibitin nan, ranar da hankalinsa ya ɗan dawo, ya gaya mata komai. Ya roƙe ta ta nemo mutanen da ya sayar wa, su yafe masa. Ina za ta same su? Matafiya ne daga ƙauyuka, da matan da bai taɓa tambayar sunansu ba. Ta yi kwana uku tana yawo, gida ɗaya ta gano. Maigidan ya rasu tun bara. Matar mamacin ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta shige ɗaki.

Da Nafissa ta koma, ya tambaye ta da ido. Ta sunkuyar da kai. Bai kai Juma'a ba.

Ya 'yan uwa, laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, tuba na wanke shi. Amma hakkin mutum sai mai shi ya yafe. Yaya za ka yi ranar da ba ka san ko sunan mai hakkin ba? Mai sayarwa, ka ji tsoron Allah cikin abin da kake ɗura wa jama'a. Wanda kuma ya ga idonsa ko na ɗan uwansa ya sauya, ya je a duba hantarsa tun da sauran lokaci.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Allah ya kiyaye mu da cin hakkin da ba za mu iya mayarwa ba. Amin.